Jinin Tela

A unguwarmu ta Arawa babu wanda ya taɓa gane aikina, ni ma na gaji na daina bayani. Likita ake ce mini, amma ko maganin ciwon kai ban taɓa rubuta wa kowa ba. Mata sukan kawo mini yaro da zazzaɓi har tsakar gida, in ce su wuce asibiti, su fita suna cewa boko ya sa mini girman kai. Dada, mahaifiyata, idan aka tambaye ta me 'yarta take yi, cewa take, "Jinin mutane take leƙawa." Duk cikin masu ba da amsa ita ta fi kusa da gaskiya.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Kowane mutum yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda ya gada daga uwa da uba, kuma wannan rubutu ba ya sauyawa. Amma a kansa akwai wasu 'yan alamomi masu hawa da sauka, su ne ke gaya wa jiki ya karanta nan da ƙarfi, ya tsallake can. Idan ina koyar da ɗalibai nakan ce su tuna da ajami: baƙaƙen suna nan yadda suke, wasali ne yake juya karatun. Yunwa tana taɓa wasalin nan, tsoro yana taɓa shi, hayaƙin murhu da rashin barci ma haka. Ni kuma inda na sa ido shi ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke tare cuta idan ta shigo, wato abin da ake kira garkuwar jiki. Shekarun ƙuruciyata kaf a kan wannan suka tafi.

Na dawo gida daga karatu a daidai lokacin da yaran nan masu bindiga suka hana yankinmu sakat. Gombe ta cika ta batse. Mutane suna ta sauka daga Borno da Yobe da Adamawa, wasu a gidajen 'yan uwa, wasu a kangayen da masu su ba su gama ginawa ba, sun rataya buhu a madadin ƙofa. Buhunan yashi sun tare gaban kowane ofis. A ƙofar asibitin da ɗakin bincikenmu yake, kullum sai an buɗe jakata an leƙa kwanon abincina, duk da cewa mai gadin ya san ni ya san mijina. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Kowa a tsorace yake, kuma da dalili.

Sai na ga ai tambayar da na yi shekaru ina yi wa ɓeraye, ga ta nan tana yawo a titi da ƙafafunta. Me doguwar yunwa da doguwar fargaba suke yi wa garkuwar mutum? Idan muka sani, za mu iya cewa ga waɗanda ya kamata a fara yi wa rigakafi, ga waɗanda abinci ya fi gaggawa a kansu. Na nemi izini ta duk hanyar da ake bi, na shiga unguwanni ina roƙon mutane ɗan jini. Kowa sai na zaunar da shi na yi masa bayani, na ce ba za a rubuta sunansa a jikin kwalba ba, lamba ce kawai, kuma duk ranar da ya ce ya fasa, ya fasa.

A unguwar Kagarawal na haɗu da tela. Mutumin kudancin Borno ne, baƙi, siriri, ya kusa arba'in. Matarsa a hanya ta rasu, bai taɓa gaya mini yadda aka yi ba, ni ma ban tambaya ba. Ya samu wata rumfa a jikin shagon mai kayan miya ya kafa keken haya. Hausa ba yarensa ba ne, don haka mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Ranar da ya miƙa hannu aka sa allura, cewa ya yi, "Likita, ka ɗiba da yawa, ba abin da nake yi da shi." Bayan nan shi ya zama jagorana. Shi ya riƙa bi kango-kango yana cewa mutanensu su yarda da matar nan, ba ta da mugun nufi. Rabin waɗanda suka ba ni jini a unguwar, don shi suka bayar.

Wata rana na tarar da shi yana ta washe baki shi kaɗai a kan keke. Na matsa masa, sai ya ce aure yake nema. Wata bazawara ce a unguwar Dawaki, malamar firamare, mai 'ya'ya biyu, wadda ta fara da kawo ɗinkin kayan makaranta har abin ya zama abin da ya zama. Tana zaune a gidan bappanta, ƙanin mahaifinta, shi ne waliyyinta. An yi gaisuwa, an je asibiti an yi gwajin sikila da na ƙanjamau kamar yadda ake yi yanzu kafin ɗaurin aure, duk lafiya lau. An ce bayan Sallah. Na yi masa murna har zuciya. Mutumin da ya iso gari da riga ɗaya, yau ga shi ana maganar ba shi mata a tsakiyar Dawaki.

Sai kuma Farfesa, shugaban sashenmu. Dole in yi masa adalci: a zamaninsa ya yi aiki. Amma lokacin da na san shi, rabonsa da sa safar hannu har ya manta, turarensa ne kawai yake shigowa ɗakin bincike ya fita. Sunansa ne a gaba a kan duk abin da muka rubuta, wannan kuwa al'ada ce, ban ce komai ba. Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne a kafa masa lasifika a gaba. Da Turanci yake tunani, idan zai yi Hausa sai ya riƙa ɗauko kalmomi yana jefawa duk inda suka faɗa.

Da sakamakon farko ya fara fitowa, a tsaye a baranda na gaya masa. Na ce akwai alamar cewa waɗanda suka daɗe cikin yunwa da tsoro, wasalin wasu ƙwayoyinsu ya ɗan bambanta, wataƙila garkuwarsu tana yin sanyi a wani ɓangare tana yin zafi a wani. Kalmar "wataƙila" kuwa na maimaita ta ya fi a ƙirga. Ya tambaye ni ko 'ya'ya suna gado. Na ce a ɓeraye an ga wani abu mai kama da haka, a mutane ba wanda ya tabbatar, mu kuma ba mu ma duba ba. Ya gyaɗa kai yana kallon wayarsa.

Da safiyar wata Asabar ina kicin ina dama koko, rediyon Dada yana ta magana a tsakar gida, sai na ji muryarsa a shirin lafiya. Na rage wuta na fito da ludayi a hannu. Ina tsaye ya ce, "Bincikenmu ya gano cewa 'yan gudun hijirar nan suna ɗauke da wani abu a jininsu mai karya garkuwar jiki, kuma 'ya'yansu suna iya gadonsa."

Duk wanda ya tashi da rediyo a ƙasar Hausa ya san abin da ya faɗa, ban da shi. Shekara da shekaru, idan mai karanta labarai zai ambaci ƙanjamau cikin ladabi, "cuta mai karya garkuwar jiki" yake cewa. Kalmomin nan sun riga sun yi aure, ba mai raba su. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san su. Farfesa ya ɗauko su ya ɗora a kan mutanen da ba su da komai sai mutuncinsu.

Dada ta ajiye carbinta ta dube ni. Ta ce, "Innalillahi. Ashe abin da kike leƙawa ke nan, kika yi shiru?" Na ce ba haka ba ne, Dada. Ba ta ma ji ni ba. Ta ce matar nan da ke zuwa ɗiban ruwa a famfonmu, ba da moɗarmu take sha ba kuwa? Matar da Dada ta ba zani da hannunta ranar da suka iso. Na koma kicin, kokon ya yi gudaji, na zubar.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo na ji ta a cikin napep, wasu mata biyu suna tattaunawa a gefena, har sun ƙara mata gishiri, wai a daji aka yi musu allura aka sako su. Na ji wani mai shayi ya ware musu kofi. Na ji wanzami ya ce su zo da askarsu. Mutanen da jiya suke cewa baƙinmu ne, 'yan uwanmu ne, yau sun samu hujja daga bakin masani, kuma wallahi wasu har da jin daɗi suka karɓe ta, kamar dama jira suke a ba su izinin gajiya da baƙin. Wannan ne ya fi tayar mini da zuciya.

Na shiga ofishin Farfesa ba tare da na jira an ce in shigo ba. Na same shi cikin fara'a, waya tana ta ƙara, an gayyace shi taro a Abuja. Na gaya masa abin da gari ya ji. Ya yi dariya ya ce, "Haba, ke kuwa. Kalma ce fa kawai. Garkuwar ba ta raunana ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, raunana daban, karyewa daban. Kuma ko raunanar ba mu tabbatar ba. Batun gado kuwa a ɓera aka gani."

Ya ce, "Masu ba da tallafi ba sa jin wataƙila. Yanzu duniya ta san da mu."

Na roƙe shi ya koma gidan rediyon ya gyara, ko da jimla biyu. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "So kike in je in lashe amaina a gaban jama'a? Idan jahilai sun fahimta a karkace, laifina ne?" Ya ɗauki waya ya ci gaba da maganar masauki. Na tsaya ina kallon zoben hannunsa, sannan na juya na fita.

Ni na je rediyon da kaina. Aka ba ni ɗan lokaci a ƙarshen shiri, na yi bayanin baƙi da wasali, na ce ba cuta ba ce, ba a ɗauka, ba a shafa wa kowa. Mai gabatarwa ya ce, "To masu sauraro, ga na Farfesa ga na Malama, sai ku zaɓa." Wanda ya fara bugo waya cewa ya yi gwamnati ce ta turo ni in rufa asiri, ai ruwa ba ya tsami banza.

Tela bai zo da wuri ba. Da ya zo, a bakin ƙofar ɗakin bincike ya tsaya, hula a hannu. Ya ce ɗinki ya ja baya, amma ba wannan ya kawo shi ba. Bappan malama ya aiko a dakata da maganar aure. Ya kai masa takardar asibiti, bappa ya ce wannan ta tsohuwar cutar ce, sabuwar ba ta fitowa a irin wannan gwajin, rediyo ya faɗa. Tela ya ce, "Likita, ka zo ka gaya masa. Kai ka ga jinin da idonka."

Muka je Dawaki da la'asar, mijina ya raka ni. Bappa dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, fari, mai tsabta, mai magana a hankali. Ya karɓe mu a zaure da mutunci sosai, kuma mutuncin nasa ya fi zagi ciwo. Ni da mijina aka kawo mana fura da nono a kwanon sha mai murfi. Tela aka kawo masa ruwa a wani sabon kofin roba, har da takardar kanti a gindinsa. Da ya sha ya ajiye, sai na ga bappa ya sa bakin sandarsa ya tura kofin can jikin bango, yana ci gaba da tambayata lafiyar Dada. Tela ma ya gani. Ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma.

Bappa ya ce shi ba ƙyamar kowa yake yi ba. Amma tun kaka da kakanni, kafin a ba da 'ya ana binciken asali, a ji ko akwai kuturta a gidan, ko hauka, ko ɗan hali. Wannan bawan Allah garinsu ya watse, ba wanda za a tambaya, sai ga bincike ya zo har gida ta rediyo. Ya ce amanar marainiya ce a hannunsa.

Na yi masa bayani da duk Hausar da nake da ita, da ta ƙare na haɗa da Fulatanci. Na ce abin da muke dubawa kowa yana da shi. Na ce shi kansa bappa, tun ranar da abu ya fashe a tasha ya kwana bai san inda ɗansa yake ba, idan na duba nasa jinin zan iya ganin sauyi. Na ce mutumin nan lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

Sannan ya ce, "'Yata, tambaya ɗaya. Za ki dafa Alƙur'ani cewa 'ya'yan da zai haifa ba za su gaji komai daga wannan abin ba?"

Na ce, "Bappa, zan dafa cewa ba shi da cuta. Zan dafa cewa abin da aka faɗa a rediyo ba shi muka gano ba. Amma abin da ɗa zai gada, ba mahalukin da zai rantse a kansa, ko a kan 'ya'yanka ne, ko nawa."

Ya yi murmushi ya juya ga mijina, kamar an gama da mata sai maza. Ya ce, "To ka ji. Farfesa ya ce akwai. Ita ta ce wataƙila. Har yanzu ban ji wanda ya ce babu ba." Ya ƙara da cewa rigakafi ya fi magani, ya yi mana addu'a mai tsawo, muka shafa.

Na shiga cikin gida gaida mata. Malamar ta raka ni har soro na biyu, doguwa ce mai sanyin murya, idonta ya yi ja. Duk ta ji abin da aka yi. Ta ce, "Adda," wato yaya da Fulatanci, "da kin rantse kawai." Na ce ko na rantse zai nemi wata ƙofar. Ta ce ta sani. Ta ce a makaranta har wata uwa ta zo ta tambayi shugaba ko gaskiya ne malamar ajin ɗanta za ta auri irin mutanen nan. Tana da 'ya'ya biyu, a gidan bappa suke ci suke kwana. Ba ta ce ta haƙura ba, amma na ji hakan a muryarta. A hanyar komawa, muna wuce shingen sojoji na fara zagi, mijina ya bar ni na yi ta yi har Arawa.

Sallah ta zo ta wuce, ba a ɗaura aure ba. Farfesa ya je Abuja ya dawo da sabuwar jaka da hoto. Mutanen Kagarawal kuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun fasa, a cire su. Ban roƙi kowa ya tsaya ba. Alkawari na yi musu, kuma da ni ce su da abin da zan yi ke nan. Aikin da na ƙwallafa rai a kansa ya riƙa zubewa a hannuna, ban ma samu sararin jin zafinsa ba, takaici ya riga ya cika wurin.

Tela ne ya zo daga ƙarshe. Da hantsi ne, ya rame, amma rigarsa a goge kamar kullum. Ya gaishe ni, ya tambayi maigida, sannan ya ce shi ba cirewa kawai yake so ba. Ya ce, "Likita, ka ba ni jinina." A garinsu idan wanzami ya yi wa mutum ƙaho, ba a barin jinin a fili, rami ake haƙawa a binne. Ya ce ba ya so ya bar Gombe jininsa yana nan a ajiye. Wani ɗan garinsu ya samu gona a Taraba, can zai bi shi.

A ƙa'ida mu muke lalatawa, ba a miƙa wa mutum a hannu. Ban tsaya neman izinin kowa ba. Na karɓi ɗan katinsa mai lamba, na sa safar hannu, na buɗe firiza, sanyi ya bugi fuskata. Na lalubo 'yan kwalabe biyu, kowacce ba ta kai ɗan yatsa ba, na ɗaure a leda na sa masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Ɗan wannan ne?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Amma ka ɗibi fiye da haka."

Na gaya masa gaskiya, kamar yadda na gaya musu tun farko, sai dai wa zai tuna. Injin da ke karanta wasalin babu shi a ƙasar nan. Sauran an tace shi an sa a akwatin ƙanƙara, ya tafi Turai tun kafin azumi. Zan rubuta musu su zubar, amma dawo da shi ba zai yiwu ba.

Ya ce, "Turai? Sun karɓa?"

Na ce sun karɓa.

"Ba su ce a dakata ba?"

Na ce ba su ce ba.

Ya gyaɗa kai. Ya zaro wani ƙyallen atamfa daga aljihu, ragowar ɗinki, ya naɗe ledar a ciki da kyau, ya ƙulle bakin.

Ya ce, "To, shi dai ya samu shiga."

Ya sa ƙullin a aljihun gaba, ya ce in gaida Dada, ya fita.